Gadar haƙori ta tangaran a kan dashe: me ya sa take karyewa a mahaɗi? Tambayoyi da amsoshi

Dashen haƙori ya daina zama labarin da ake ji daga bakin waɗanda suka je Masar ko Indiya kaɗai. A Birnin Kebbi, Jega, Argungu da Yawuri akwai masu yawo da turakun ƙarfe a muƙamuƙinsu, wasu a Abuja ko Kano aka kafa musu, wasu a waje. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi dawowa a ɗakin likitan haƙori game da gadar tangaran da ake ɗorawa a kan turakun. Kusan dukkansu a wuri ɗaya suke haɗuwa: ɗan ƙugun da ke riƙe haƙori da maƙwabcinsa.

Likita, mece ce gada a kan dashe, kuma ina mahaɗin yake?

Wanda ya rasa haƙora uku a jere ba lallai ne a kafa masa turaku uku ba. Ana iya kafa biyu, ɗaya a kowane bakin giɓin, a jira ƙashi ya kama su, sannan a ɗora musu haƙora uku da aka ƙera a haɗe. Na gefe biyun suna zaune a kan turaku. Na tsakiya ba abin da ke ƙarƙashinsa sai dasashi, rataye yake a jikin 'yan'uwansa. Wannan ita ce gada. Turken yawanci na titaniyam ne, ƙarfen da likitan ƙasar Suwidin Per-Ingvar Brånemark ya gano a shekarun 1950 cewa ƙashi yana manne masa, ya kuma fara dasa wa mutum a 1965.

In ka riƙe gadar a hannu ka ɗaga ta wajen haske, za ka ga tsakanin kowane haƙori da na kusa da shi ta tsuke. Ta sama akwai ɗan kwari. Ta ƙasa, wajen dasashi, akwai 'yar kafa inda tsinken sakace ke shiga. Tangaran ɗin da ya rage tsakanin kwarin da kafar shi ne mahaɗi. Gada mai haƙora uku mahaɗai biyu gare ta, kowanne bai cika wuce milimita 3 zuwa 4 ba a tsaye da kwance.

Me ya sa can take karyewa, alhali a saman haƙorin ake tauna?

Saboda in ka ciza a kan haƙorin tsakiya, gadar tana lanƙwasawa ƙasa, lanƙwasawar da ido ba ya gani. Duk abin da ya lanƙwasa haka, samansa matsewa yake yi, ƙasansa kuma ana jan sa. Tangaran yana da haƙurin matsi ƙwarai da gaske. Ja ne ba ya ɗauka. Ƙarfe in an ja shi fiye da ƙima yakan ɗan miƙe ya ba da kai. Tangaran ba ya ba da kai, sai dai ya tsage. To wurin da ya fi siranta a gadar shi ne mahaɗi, gefen da ake ja kuma shi ne na dasashi. Abu biyu sun taru a waje ɗaya.

Ƙarfin kuma ba kaɗan ba ne. Namiji mai lafiya in ya ciza da turamensa iya ƙarfinsa yana iya kai nauyin kilo 50 ko fiye. Ba a ciza haka a kowace loma, amma ana tauna kullum, a cikin miyau, kuma danshi yana taimaka wa ƙaramar tsaga ta yi ta rarrafe a jikin tangaran shekara da shekaru. Shi ya sa mutum zai zo ya rantse cewa tuwo yake ci ta karye. Gaskiya ya faɗa. Tuwon ya ƙarasa aikin da aka daɗe da farawa ne.

Karyayyar gada tana ba da labarin kanta. In aka sa fuskar karayar a ƙarƙashin gilashin ƙara girma, ana ganin wani ɗan wuri sumul a gefen dasashi, daga shi wasu siraran layuka sun baje sun nufi sama, can kusa da saman kuma tsagar ta karkata ta bar ɗan leɓe. Wurin nan sumul shi ne mafari. Kusan ko yaushe a kafar ƙasa ake samunsa.

To ina ruwan siffa? Ba kauri ne komai ba?

Kauri rabin zance ne. Ɗauki mahaɗai biyu masu kauri ɗaya. Na farko kafarsa ta ƙasa ta ƙare da tsini, siffar harafin V a kife. Na biyu ta ƙare da lanƙwasa mai faɗi, siffar U a kife. Na farkon zai riga karyewa, kuma da tazara mai yawa.

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai yadi a kasuwar Jega ya ga dalilin. Shadda ba ta yaguwa da hannu komai ƙarfin mutum. Sai mai yadi ya ɗan ciji bakinta da almakashi, ya kama gefe biyu ya ja, ta tafi kyat har ƙarshe. Ƙarfin da ya watsu a faɗin yadin ya taru a tsinin 'yar tsagar nan. Kafa mai tsini a gindin mahaɗi ita ce cizon almakashin, an riga an yi shi tun daga ɗakin ƙira, jiran mai ja kawai ake yi. Kafa mai lanƙwasa tana raba jan a kan fili mai faɗi, babu wurin da ya ɗauki kaso fiye da ƙarfinsa.

An gwada wannan. A 2002 Won-Suck Oh da Kenneth Anusavice na Jami'ar Florida a Amurka sun ƙera gadoji masu haƙora uku da tangaran iri ɗaya, suka sassauya lanƙwasar kafofin, suka danna su har suka karye. Ana auna lanƙwasa ne da da'irar da za ta zauna a cikinta, daga tsakiyar da'irar zuwa bakinta. Da suka ɗaga wannan awon a kafar dasashi daga milimita 0.25 zuwa 0.90, nauyin da gadar ke ɗauka kafin ta karye ya ƙaru da kashi 140 cikin 100. Ƙarin bai kai milimita ɗaya ba, amma ya ninka ƙarfin fiye da sau biyu. Sauya lanƙwasar kwarin sama kuwa bai yi wani tasirin kirki ba, tunda can matsi ne, ba ja ba.

Wannan sakamako na biyun yana da amfani ga mai son kyau, za mu zo kansa.

Tsayin mahaɗi da faɗinsa, wanne ya fi muhimmanci?

A haƙoran baya, tsayi. Ina nufin tazarar daga wajen tauna zuwa wajen dasashi. Faɗi shi ne daga wajen kunci zuwa wajen harshe.

Lissafin injiniyoyi ne, ba na likitoci ba. In ka ninka faɗi, ƙarfi ya ninku sau 2. In ka ninka tsayi, ƙarfi ya ninku sau 4, lanƙwasawa kuma ta ragu sau 8. Ga misali: mahaɗi mai tsayi 4 da faɗi 3, da wani mai tsayi 3 da faɗi 4. Dukansu murabba'in milimita 12 ne, a takarda tagwaye ne. Amma na farkon ya fi na biyun ƙarfi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Haka nan in aka rage tsayi daga 4 zuwa 3 aka bar faɗi yadda yake, abin da ya rage na ƙarfin kashi 56 cikin 100 ne. Milimita ɗaya ta cinye kusan rabi.

Mahaɗin gaske ba mai kusurwa huɗu ba ne, ya fi kusa da siffar ƙwai, don haka alƙaluman ba za su faɗa daidai da daidai ba. Alkiblar dai ba ta sauyawa: ƙwan a tsaye ake so, ba a kwance ba.

A haƙoran gaba lamarin ya ɗan bambanta. Can ƙarfin a karkace yake zuwa, na ƙasa suna tura na sama waje, saboda haka kaurin daga leɓe zuwa harshe shi ma yana da nasa aiki.

Akwai awon da bai kamata a gaza ba?

Akwai, kuma ya danganta da irin tangaran ɗin. Zakoniya wani farin tangaran ne mai ƙarfi. Ta asali, wadda ake rubuta 3Y a jikin kwalinta, tana ɗaukar megafaskal 900 zuwa 1,200 kafin ta karye a lanƙwasa (megafaskal shi ne ma'aunin ƙarfin da abu ke jurewa). Da ita, masu ƙera ta sukan nemi mahaɗi mai murabba'in milimita 7 a gaba, 9 a baya, 12 in haƙoran da ke rataye biyu ne. Litiyam daisiliket, wani irin tangaran da aka fi sani da sunan e.max na kamfanin Ivoclar, yana wajen megafaskal 360 zuwa 500, shi kuma 16 yake buƙata, wato 4 sau 4, kuma ba a yarda a yi gadar turame da shi ba. Ƙa'idar duniya ta ISO 6872 ta raba abin haka: megafaskal 300 ga gada mai haƙora uku wadda ba ta kai turmi ba, 500 in da turmi a ciki, 800 in haƙora huɗu ne ko fiye.

Inda ake ruɗuwa shi ne zakoniya ba iri ɗaya ba ce. Ta asalin tana da wata baiwa da masu bincike a Ostareliya suka bayyana a 1975: in tsaga ta fara, ƙwayoyin da ke bakinta sukan sauya tsari su kumbura da kashi 3 zuwa 5 cikin 100, su matse tsagar. Amma fara ce fat, haske ba ya ratsa ta sosai. Sai aka fito da 5Y, mai kama da haƙorin gaske, wadda ta yi asarar yawancin baiwar, ƙarfinta ya sauko zuwa wajen rabi ko sama kaɗan. Wanda ya ce maka "zakoniya ce, ba ta karyewa" bai gama magana ba. Tambaye shi wace iri.

Waɗannan alƙaluma kuma mafi ƙaranci ne. Ni in fili ya ba ni dama, ba na tsayawa a kan 9 ga mutumin da na ga kumatunsa sun tashi da jijiyar tauna.

Ni dai ba na son a gane na saye ne. Ba za a iya rarrabe haƙoran su fito ɗaiɗai ba?

Hajiya, za a iya, amma ta fuska, ba ta gindi ba. Abin da ido ke gani in kin yi murmushi shi ne layin da ke tsakanin haƙora ta wajen leɓe da ɗan rabuwar da ke bakinsu. Nan ƙwararren maƙeri yana iya zurfafa layi daidai gwargwado, ya sa ɗan launi mai duhu a ciki, haƙoran su fito kamar kowanne da kansa yake tsaye. Kaurin da aka rage a gaba sai a mayar da shi ta wajen harshe, inda ba mai leƙawa.

Abin da ba na yarda da shi shi ne a dawo ranar gwaji a ce a ƙara buɗe ƙasan don ya yi kama da na gaske. A nan ake ɗaukar faifan yanka a zura a kafar dasashi, a bar tsini a daidai wurin da bai kamata ba. Za ki fita da fara'a, ki dawo bayan wani lokaci da gutsure biyu a ƙulle a bakin gyale. Masu neman wushirya a tsakiyar gada kuwa, sai dai a raba aikin gida biyu, kowane gefe da turakunsa.

Ɗan'uwana gadarsa a kan haƙoransa na asali take. Da tawa ta kan dashe, ɗaya ne?

Ba ɗaya ba ne. Haƙorin asali ba a manne yake da ƙashi ba, wasu siraran zaruruwa ne ke riƙe da saiwarsa, shi ya sa in an danna shi yakan nutsa da maikiromita 25 zuwa 100 (maikiromita dubu ne milimita ɗaya). Turke a manne yake, motsinsa bai wuce 3 zuwa 5 ba.

Mutane sukan ɗauka wannan tsayuwar sharri ce zalla ga gada. A gwajin ɗakin bincike ma akasin haka ake gani: gadar da ke kan ginshiƙan da ba su motsi ta fi jure nauyi, domin ba sa karkatawa su ƙara mata lanƙwasa. Matsalar ta wasu hanyoyi take shigowa. Ta farko, in gadar ba ta zauna daram a kan turakun ba, ko da da kaurin gashi ne, haƙorin asali zai ɗan gusa ya daidaita, turke ba zai gusa ba. Da an ɗaure sukurun da ke haɗa gadar da turke sai gadar ta lanƙwashe da ƙarfi ta zauna, mahaɗi ya ɗauki kaya tun ba a kai loma baki ba, kuma ba zai sauke shi ba dare da rana. Ta biyu, zaruruwan nan su ne ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa an taka tsakuwa, baki ya saki nan take. Mai dashe ba ya ji da wuri, yakan ciza ya wuce. Ta uku, in gadar mai sukuru ce, akwai rami da ya ratsa haƙorin gefe. In turken bai tsaya a tsakiya ba, ramin yana iya matsowa jikin mahaɗi ya cinye masa nama.

Haɗa turke da haƙorin asali a gada ɗaya ana yi in dole ta sa, amma gefe ɗaya na nutsawa ɗaya na tsaye, mahaɗin da ke jikin turken ne ke shan wahalar.

Kuɗin turke da yawa. Biyu ba za su ɗauki haƙora biyar ba?

Alhaji, za su ɗauka, tambayar ita ce har yaushe. Tsawon gada yana ƙara lanƙwasa, kuma ba sannu a hankali ba. In haƙori ɗaya ke rataye, ka ce lanƙwasar 1 ce. In biyu ne ta zama 8. In uku ne ta zama 27. Don haka gada mai haƙora biyar a kan turaku biyu, a wajen turame, da tangaran zalla, ba shawarar da zan bai wa ɗan'uwana ba ce. Turke na uku a tsakiya yana mayar da doguwar gada guntaye biyu, kuma kuɗinsa bai kai na sake ƙera gadar duka da sake hawa mota zuwa Abuja ba.

Akwai kuma wadda ake barin haƙorin ƙarshe ya leƙa waje, turke a gefe ɗaya kawai. A ita lamarin juyewa yake yi: in an ciza a kan mai leƙen, saman mahaɗi ake ja, ƙasan ake matsewa. Ke nan kwarin sama ne ba a son tsini a cikinsa. Irin wannan a taƙaita ta, haƙori ɗaya ƙarami, mahaɗi mai kauri.

Shekara da shekaru ina da giɓin nan. Likita ya ce babu fili. Wane fili?

Wannan ita ce matsalar da ta fi yawa a wajenmu, domin akasari ana cire haƙori ne a manta da zancen sai bayan shekaru. Haƙorin da ya rasa abokin karo yakan yi ta saukowa cikin giɓin. Ranar da aka zo ƙera gada sai a tarar tazarar da ke tsakanin dasashi da haƙorin da ke fuskantarsa ta tsuke. A cikin wannan tazarar ake son a sami kafar sakace a ƙasa, mahaɗi mai tsayin milimita 3 zuwa 4, da ɗan kwari a sama. In duka filin milimita 5 ne, wani abu dole ya ragu, kuma wanda ba a gani ne aka fi ragewa.

Mafita tana nan: a rage haƙorin da ya sauko ko a sa masa hula, a mayar da shi sama da wayar gyaran haƙora, a ɗan rage ƙashi lokacin kafa turke, ko a bar tangaran zalla a koma mai ƙarfe a ciki. Duk wannan kafin a kafa turke ake yanke shi. Likitan da ya auna filin tun ranar farko ya san aikinsa.

Kakanninmu sun sa haƙorin Makka ya yi shekaru bai karye ba. Me ya hana a yi ta ƙarfe?

Haƙorin Makka hula ce a kan haƙori ɗaya, ba ta rataye da komai, don haka ba gwaji ɗaya ba ne. Amma tunanin yana kan hanya. Gadar da aka yi wa ƙashin baya na ƙarfe aka lulluɓe da tangaran tana wadatuwa da mahaɗi ƙarami, wajen 2.5 sau 2.5, kuma ƙarfe bai damu da tsini kamar yadda tangaran ya damu ba. Wani nazari da Irena Sailer ta Jami'ar Janeba da abokan aikinta suka fitar a 2018 ya tattara sakamakon gadojin kan dashe: bayan shekara 5, kashi 98.7 cikin 100 na masu ƙarfe a ciki suna nan, na zakoniya mai lulluɓi, wato wadda aka lulluɓe da wani tangaran, kuma kashi 93. A waɗannan, lulluɓin ne ya fi ɓantarewa, abin da ya sa yanzu aka fi karkata ga zakoniya curi guda marar lulluɓi a haƙoran baya.

Aibin mai ƙarfe shi ne wani lokaci baƙin layi yakan bayyana a bakin dasashi. A turmin can ciki wa zai gani? In fili ya yi kaɗan ko gadar ta yi tsawo, ita nake zaɓa ba tare da jin kunya ba.

An ce da kwamfuta ake gano inda nauyin ke taruwa. Abin dogaro ne?

Ana zana gadar da turakunta da ƙashin a kwamfuta, a yayyanka zanen zuwa dubban 'yan gutsattsari, a ɗora nauyi, ta lissafa abin da kowane gutsure ya ɗauka, ta fito da hoto mai launuka. Jan launi kusan ko yaushe a kafar dasashi yake fitowa, yana raguwa in an ƙara tsayi ko an faɗaɗa lanƙwasa, daidai da abin da karyayyun gadoji ke nunawa. Wajen kwatanta wannan siffa da waccan abin dogaro ne. Wajen faɗin shekarun da gadar wane za ta yi, a'a, domin a cikin kwamfuta tangaran ba shi da tabo, gada tana zaune daram, kuma babu mai tauna goriba.

Malam, ni ɗalibin ƙera haƙora ne. A ina muke ɓata mahaɗi a ɗakin aiki?

Yawanci bayan an gama gashi. Zakoniya da taushinta ake sassaƙa ta, an ƙara mata girma, sannan a sa ta a tanderu a zafin da ya kai wajen digiri 1,500, ta tsuke da kusan kashi 20 cikin 100 ta taurare. Duk gyaran da za ka yi wa kafar ƙasa, yi shi a zane ko kafin gashi. Bayan ta fito, faifan yanka kada ya kusanci gindin mahaɗi. Kana zaune, gada a hannun hagu, injin yana kuka a dama, ka ga kafar ta ɗan cushe, ka ce bari in taɓa sau ɗaya. Taɓawar nan tana barin tsini da ƙananan tsagogi, tana kuma rage tsayin da manhajar zane ta nuna maka ya isa. In dole ne, dutse mai laushi, ruwa yana zuba, hannu marar nauyi, sannan ka goge har ya yi sheƙi.

Kada ka tsaya a kan lambar murabba'in da manhaja ta nuna. Juya zanen ka dubi yankan: a tsaye yake ko a kwance? Ka tuna kan injin sassaƙa yana da nasa kauri, ba ya shiga lungu mai tsini, kuma wannan gata ne, kada ka je ka ƙarasa masa da hannu. In gada doguwa ce, bar mata sandar tallafi a tanderu don kada ta karkace, kuma kada ka gaggauta hucewarta. In wuta ta ɗauke ana tsakar gashi, abin da ba baƙo ba ne gare mu, kada ka yi wa kanka ƙarya cewa ta yi. In likita ya aiko da aikin da filinsa bai isa ba, kira shi kafin ka sassaƙa.

Me zan daina ci?

Ba abinci ne ke karya gada ba, abin da bai kamata a tauna ba ne. Ƙwallon dabino, goriba, busasshiyar aya, ƙanƙara a lokacin zafi, ƙashin balangu, ɓare rake da buɗe kwalbar lemo da haƙori. Shinkafar gida a rege ta da kyau, domin tsakuwa ɗaya a kan haƙorin tsakiya ta fi buhun tuwo illa. Ƙuli-ƙuli a jiƙa ko a daka. Kilishi a yage da hannu. Goro a fasa ƙanana.

Wanda iyalinsa suka ce yana niƙa haƙora cikin barci ya gaya wa likita tun kafin a fara, a yi masa robar kariya ta dare. Wannan niƙan ya fi duk jerin da ke sama haɗari, domin ƙarfinsa a karkace yake kuma mai yi bai sani ba.

In an cike ƙasan don ƙarfi, yaya zan tsabtace?

Ba toshewa ake yi ba, lanƙwasawa ake yi. Kafa mai siffar U ma ta fi sauƙin wankewa. Dole a bar hanyar da ɗan siririn buroshin tsakanin haƙora ko zaren sakace mai kauri zai wuce, domin dattin da ya kwanta a wuyan turke yana kumbura dasashi ya ci ƙashi. Buroshi da aswaki ba sa kaiwa ƙarƙashin haƙorin tsakiya. Allura, tsinken tsintsiya da bakin reza kuma ba kayan sakace ba ne.

Ta karye. Ana iya liƙe ta?

In ɗan lulluɓi ne ya ɓantare, ana gogewa ko a cike. In mahaɗi ne ya rabu, babu gam ko walda da za ta mayar da shi, sai sabuwa. Daina tauna a gefen, ka adana gutsuren, ka je da wuri, domin rabin gada yana jijjiga turke da sukurunsa. Kafin a sake ƙerawa a gano dalili. In aka maimaita siffar nan a fili iri ɗaya, karayar ma za ta maimaitu. Gada mai sukuru ana kwance ta cikin mintuna. Wadda aka liƙa da siminti sau da yawa sai an yanka.

In ka ji gada tana ɗan motsi ko tana ƙas-ƙas, galibi sukuru ne ya saki. Ɗaurewa abu ne mai sauƙi in an zo kafin ya karye a ciki.

Zan tafi waje a yi mini. Me zan tambaya, me zan dawo da shi?

Tambayi turaku nawa za su ɗauki haƙora nawa, wane irin tangaran ne kuma 3Y ne ko 5Y, curi guda ne ko mai lulluɓi, mahaɗin murabba'in milimita nawa ne kuma tsayinsa nawa. Nemi a nuna maka zanen a kwamfuta ta ƙasa. Ranar gwaji ka karɓi gadar a hannu ka juya ta, ka dubi kafofin da kanka. A ɗauki hoton ƙashi bayan an ɗaura, a tabbatar ta zauna ba rata. In a Najeriya ne, likitan ya zama mai rajista da hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, maƙerin kuma da hukumar rajistar masu ƙera haƙora ta ƙasa.

Ka dawo da takarda mai sunan kamfanin turken, ko Straumann ne ko Nobel Biocare ko Osstem ko wani, da samfurinsa da awonsa, da ƙarfin da aka ɗaure sukurun da shi, da kwafin zanen gadar in za su ba ka. Kowane kamfani da irin sukurunsa da abin kwance shi. In sukuru ya saki kana Birnin Kebbi, likitan nan ko na Sakkwato yana iya taimakonka ne kawai in ya san abin da ke cikin bakinka. Kada kuma ka sa ranar dawowa washegarin ɗora gadar. Bar kwanaki ka ci abinci da ita, a gyara inda take karo tun kana kusa da wanda ya yi ta.